Kwaɗon Zobe da Ɗan'uwansa Mai Dafi na Kolombiya

 Duk wanda ya kwana a garuruwan da ke kewaye da dam ɗin Zobe, kusa da Dutsin-Ma, ya san yadda kukan kwaɗi ke cika kunne da daren damina. Mun saba da su har mun raina su. Amma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Mu fara da na nesa. A dazuzzukan ƙasar Kolombiya da ke Kudancin Amurka akwai wani ɗan kwaɗo ruwan zinare, tsawonsa bai fi santimita 5 ba. Masana sun sa masa suna Phyllobates terribilis a shekarar 1978. Dafin da ke jikin guda ɗaya ya isa ya kashe mutane kusan 10, domin yana hana jijiyoyi da zuciya aiki. Mafarautan ƙabilar Embera kan goga tsinin kibiyoyinsu a bayansa kafin su shiga daji.

Daga ina yake samun dafin? Daga cimarsa. Ƙananan ƙwarin da yake ci a daji ne ke ɗauke da sinadarin, shi kuma ya tara a fatarsa. Shi ya sa wanda aka ƙyanƙyashe a gida, aka ciyar da shi ƙudaje, ba ya da dafi. Launinsa mai ɗaukar ido kuwa gargaɗi ne ga maciji da tsuntsu cewa a yi nesa.

To mu dawo gida. Kwaɗonmu mai kaushin fata, wanda ke laɓewa gindin randa, shi ma ba haka kawai yake ba. Ku lura da kumburi biyu da ke bayan idanunsa. Idan aka matsa masa, wani farin ruwa ke fitowa daga wurin. Karen da ya cafke shi sai ya saki yana dalalar da yawu. Bai kai na Kolombiya haɗari ba, amma in ya shiga ido ko baki yana da raɗaɗi sosai. Saboda haka kada mu yi wasa da shi, kada mu bar ƙannenmu su ɗauka. In mun taɓa, mu wanke hannu da sabulu. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa a nufi asibiti.

Wannan ba dalilin jifansa ba ne. Kwaɗo na cinye ƙwarin da ke ɓata amfanin gona, ba tare da an biya shi ko kobo ba. Kuma da yake ta fata yake shan ruwa, maganin feshin da ake wanke tulunsa a bakin dam kan hallaka shi da 'ya'yansa. Ruwan da ya kashe kwaɗo kuwa, shi muke kamun kifi a ciki.

Aikin wannan mako: ku zana kwaɗon gidanku daga nesa, ku nuna kumburin nan biyu, ku kai wa malamin kimiyya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.