Haidirojin ba gas ɗin girki ba ne, kar a ɗora mana shi a titi

1/ Kwanan nan duk wanda ya kalli bidiyo biyu sai ya zo yana cewa Arewa na da rana, a samar da haidirojin a cika tankoki a riƙa kai wa masana'antun Kano da Kaduna. Jama'a a yi a hankali. Wahalar abin nan tana wajen ajiya da dako. Ku biyo ni 🧵

2/ Babu iskar da ta kai haidirojin rashin nauyi. Kafin ka tara mai yawa sai ka matse shi da ƙarfin bar 350 zuwa 700. Tayar mota fa bar 2 ce da ɗan kai, tukunyar CNG kuma 200. Ko ka sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifili ya zama ruwa. Da wace wutar NEPA ɗin?

3/ Gas ɗin girki an sa masa wari, yana yoyo Hajiya za ta ji. Shi wannan ba wari ba launi, harshen wutarsa ma da ƙyar ake gani da rana. Ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, zai kama, har zuwa kashi 75. Ɗan tartsatsin da riga ke yi da hunturu ya isa ya tashe shi.

4/ Kuma yana kutsawa cikin ƙarfe, a hankali ya mai da shi mai saurin tsagewa. Tankin da ido ke gani lafiya lau, ciki ya ci. Wannan ba aikin mai walda na bakin tasha ba ne.

5/ A Norway, Yunin 2019, gidan sayar da haidirojin ya fashe a Sandvika kusa da Oslo, saboda marfi ɗaya da ba a ɗaure daidai ba. A Koriya ta Kudu, wata guda kafin nan, tanki ya fashe a Gangneung, mutum 2 suka mutu. Masu doka da kayan gwaji ke nan fa.

6/ Mu kuma? Oktoban 2024 tankar fetur ta faɗi a Majiya, Jigawa, sama da mutum 150 suka rasu. Janairun 2025 aka sake a mahaɗar Dikko, jihar Neja, sama da 80. A Oktoban 2024 ɗin dai wata mota ta fashe a Benin wajen shan CNG, tukunyarta haɗin walda ce. Allah Ya jiƙansu.

7/ Fetur da muka shekara da shekaru muna dako bai bar mu ba. To ku hango tirelar haidirojin a hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma, ta ratsa Kurfi ranar kasuwa. Kuma duk girman tirelar nan, yawanci abin da ta ɗauko bai kai tan ɗaya ba, saura duk nauyin ƙarfe ne. Ga kasada ga asara.

8/ Wani zai ce "kai ba ka son ci gaba". Malam, haidirojin ya daɗe a Najeriya. Kamfanin takin Dangote a Lekki da Indorama a Eleme suna ciro shi daga iskar gas, nan take su haɗa shi ya zama amoniya, sannan yuriya. Bai taka kwalta ba.

9/ Wato buhun yuriyar da manomin Kurfi ke zuba wa masara, haidirojin ne a cikinsa, an ɗauko shi a bayan babur ba fargabar fashewa. Dakon da ya dace da mu ke nan.

10/ In Katsina za ta shiga harkar, ga rana ga dam ɗin Zobe. Amma kilo ɗaya na cin aƙalla lita 9 ta ruwa da wajen yunit 50 na lantarki. Mu tuna aikin lantarkin iska na Lambar Rimi, megawat 10 kacal, ya haura shekara 10 ba a gama ba.

11/ Matsayata: a samar da shi a inda za a yi amfani da shi, a mai da shi taki. Kafin nan SON da NMDPRA su nuna za su iya hana tukunyar gas ta bogi yawo, FUDMA kuma ta yaye masu gwajin tanki. Duk ɗan siyasar da ya zo da alƙawarin haidirojin, ku tambaye shi: a ina za a ajiye, ta wace hanya za a bi da shi?