Mai Shirya Fim Mai Zaman Kansa: Wa Ke Riƙe Da Linzaminsa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Idan aka ce wane ya bar shugabancin kamfani ko gidan talabijin ya koma shirya fim da kansa, sai jama'a su ce ya sami 'yanci. A ganina wannan magana tana buƙatar gyara. Fim kuɗi yake ci tun kafin a ɗora kyamara, kuma wanda ya zuba kuɗin shi ke da ta cewa a kan abin da 'ya'yanmu za su kalla. Don haka tambayar da ta kamaci magidanci a Dukawuya ko Kabuga ita ce: wa ya biya kuɗin fim ɗin da ke cikin wayar ɗansa?

Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, sana'ar fim ɗin Hausa a Kano ba ta taɓa samun manyan kamfanoni masu jari irin na Amurka ba. 'Yan kasuwar kaset, musamman na Ƙofar Wambai, su ne suka zama iyayen gida. Da fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya yi kasuwa saboda waƙoƙinsa, sai rawa da waƙa suka zama sharaɗin ciniki. Furodusan da ya ƙi, kayansa su yi kwantai. Yau kaset da faifai sun kau, YouTube ya gaje su, shi kuwa yawan masu kallo da talla yake biya, bai san halal ba bai san haram ba. Ubangida ne kawai aka sauya.

Labarin Alhaji Hamisu Lamido Iyantama, shugaban kamfanin Iyan-Tama Multimedia, ya isa misali. Da ya so yin fim a kan zaman lafiya tsakanin ƙabilu da addinai, wato Tsintsiya, tallafin ya fito ne daga ofishin jakadancin Amurka. A 2008, zamanin da Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ke jagorantar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, aka gurfanar da shi bisa zargin sakin fim ɗin ba tare da tacewar hukumar ba, zargin da ya musanta. Ya yi kusan wata uku a gidan yari kafin babbar kotu ta soke hukuncin a 2009. Mutane sun yi ta muhawara a kan wa ke da gaskiya. Abin da aka bari a baya shi ne: ina attajiran Kano suke har sai da baƙo ya ɗauki nauyin fim a kan zaman lafiyar garinsu?

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. Mustafa Akkad, mutumin Halab ta ƙasar Sham wanda ya yi karatun fim a Amurka, bai sami kamfanin Hollywood da zai ɗauki nauyin fim a kan farkon Musulunci ba. Da kuɗin ƙasashen Larabawa, musamman Libiya, ya kammala Ar-Risala a 1976, bayan malaman Azhar sun duba rubutun, kuma ba a nuna surar Manzon Allah (SAW) ba. Amma ribar da ta riƙe shi daga baya ta fito ne daga fina-finan ban tsoro na Halloween. Ya rasu a harin bam na birnin Amman a 2005, burinsa na yin fim a kan Salahuddin Al-Ayyubi bai cika ba saboda rashin masu zuba jari.

Wani zai ce ai maganin ɓarna shi ne hukuma ta tsananta. Tacewa tana da muhallinta, kuma tun 2001 Kano take da hukumar yin ta. Sai dai almakashi yana yanke mummuna ne, ba ya ɗinka kyakkyawa. A 2016 malamai da dama sun yi adawa da alƙaryar fim da gwamnatin tarayya ta shirya ginawa a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, aka kuwa janye shirin. Damuwarsu a kan tarbiyya gaskiya ce. To amma an fasa ginin, kallo bai tsaya ba. Yaran da aka so karewa suna nan suna kallon fassarar fina-finan Indiya da abin da ya fi su muni a waya.

Mafita tana cikin littattafan da muke karantawa a zaure. Fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, ya yi bayanin ƙiradi: wani ya kawo dukiya, wani ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, asara kuwa ta hau kan dukiya matuƙar mai aiki bai yi sakaci ba. Mai dukiyar da ya shiga irin wannan ciniki da furodusa mai mutunci, da kansa zai zaɓi irin aikin da kuɗinsa zai shiga. Wannan ya fi tsinuwa daga nesa tasiri.

Ɗalibai ma suna da rabonsu. Wanda ya karanci tarihin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u da Sarki Muhammadu Rumfa, shi ya fi cancanta ya koyi rubutun fim, maimakon ya bar fagen ga wanda bai san tsarki ba. Magidanta kuma mu ji tsoron Allah game da satar fasaha. Wanda ya tura fim ɗin da aka sayar ta waya kyauta ya ci haƙƙin mai shi, kuma ya taimaka wajen korar mutanen kirki daga sana'ar.

Shi kuma furodusan da ya tsaya da ƙafarsa, ya sani cewa uzurinsa ya ƙare. Da yana iya cewa kamfani ne ya tilasta shi. Yanzu kowace fitowa da kowace kalma a wuyansa take, kuma za a tambaye shi a kanta ranar da dukiya ba ta amfani. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu ci halal, Ya tsare mu daga zama sanadin ɓatan wani.