Rancen Gida Da Sharaɗin Zama Cikinsa: Abin Da Rigimar Amurka Ta Tono

A ranar 25 ga watan Agusta na shekarar 2025 ne Shugaban Amurka, Donald Trump, ya ba da sanarwar cewa ya sallami Lisa Cook daga kujerarta ta ɗaya daga cikin gwamnonin Babban Bankin ƙasar, abin da babu wani shugaba da ya taɓa yunƙurin yi tun da aka kafa bankin a 1913. Dalilin da ya bayar kuwa bai shafi aikinta na banki ba. Zargin shi ne a 2021 ta karɓi rancen sayen gida har sau biyu cikin 'yan makonni, ɗaya a Ann Arbor ta Jihar Mishigan, ɗaya a Atlanta ta Jihar Jojiya, ta kuma rubuta kowannensu a matsayin gidan da za ta zauna. Matar ta musanta cewa ta yi ha'inci, ta garzaya kotu, wani alƙalin tarayya ya dakatar da korar a watan Satumba, daga nan magana ta kai Kotun Ƙoli wadda ta saurari ɓangarorin biyu a watan Janairun 2026.

Da haka ne wani ɗan sharaɗi da miliyoyin mutane su ke sa wa hannu ba tare da sun karanta shi ba ya zama abin muhawara a ƙasar baki ɗaya. Ya kamata a san abin da sharaɗin ya ƙunsa, da dalilin kafa shi, da kuma inda iyaka ta ke tsakanin mutumin da hali ya tilasta wa barin gidansa da wanda tun farko bai yi niyyar shiga ba.

Yawancin rancen gidaje a Amurka a kan rubuta shi ne bisa takardar yarjejeniya iri ɗaya, wadda manyan kamfanoni biyu, Fannie Mae da Freddie Mac, su ka tsara. An kafa na farkon a 1938, na biyun a 1970, aikinsu kuwa shi ne sayen basussukan gidaje daga hannun bankuna domin bankunan su sami kuɗin sake ba wasu. Tun watan Satumba na 2008 gwamnatin tarayya ta karɓi ragamar kula da su. A cikin wannan takarda akwai sakin layi da ya ce dole ne mai karɓar rance ya tare a gidan cikin kwana 60 daga ranar sa hannu, ya kuma ci gaba da zama cikinsa a matsayin ainihin mazauninsa har tsawon shekara guda aƙalla. Hukumar Gidaje ta Tarayya, wadda a ke kira FHA a taƙaice, wadda kuma aka kafa a 1934 domin ta tsaya wa masu ƙaramin ƙarfi, ita ma wannan wa'adi ta gindaya. Haka nan rancen tsofaffin sojoji, wanda ya samo asali daga dokar 1944, na gidan zama ne kurum, ko da ya ke a kan yarda matar soja ko mijinta ya cika sharaɗin idan aiki ya kai sojan wani wuri.

Dalilin wannan tsanani a fili ya ke. Masu ba da rance sun daɗe da lura cewa idan rayuwa ta yi ƙunci, mutum ya kan bar kowane bashi ya taru amma ya yi ta fafutukar biyan na ɗakin da iyalinsa su ke kwana. Gidan haya kuwa dukiya ce ta kasuwa. Ranar da darajarsa ta faɗi ƙasa da bashin da ke kansa, mai shi ba ya jin nauyin sakar wa banki makulli. Sabo da haka farashin rance ya bambanta. Mai sayen gidan zama ta hanyar FHA zai iya biyan kashi 3.5 cikin ɗari kawai a matsayin kafin alƙalami, alhali mai sayen gida domin haya ta hanyar kamfanonin nan biyu sai ya ajiye kashi 15 aƙalla, ga kuma ƙarin kuɗin ruwa. A gidan da ya kai dala 300,000, wannan bambanci shi ne tsakanin dala 10,500 da dala 45,000. Rahusar ba kyauta ba ce daga banki. Jama'a ne su ke ɗauke da ita ta hanyar lamunin gwamnati, kuma an yi ta ne domin iyali su mallaki muhalli. Wanda ya karɓe ta da sunan zama, sa'an nan ya zuba 'yan haya, ya ci rabon da aka ware wa wani.

Sai dai wannan takarda ba ta ɗaure mutum da igiya a gidan ba. A cikin sakin layin da ya gindaya wa'adin shekara guda an buɗe ƙofa biyu. Ta farko ita ce mai ba da rance ya amince a rubuce, an kuma ce ba ya da ikon hana amincewar ba bisa dalili ba. Ta biyu ita ce aukuwar wani hali da ya fi ƙarfin mai rancen. Canjin wurin aiki, rasa aiki, rashin lafiya mai tsanani, mutuwar aure, ko kiran soja zuwa wani barikin, duk irin abubuwan da a ke dubawa ke nan. Ita FHA har ta kan ba mutum rance na biyu bai gama biyan na farko ba, idan aiki ya mayar da shi wurin da ya wuce mil 100 daga gidansa, ko iyalinsa su ka ƙaru har gidan ya yi musu kaɗan. Ta kuma yarda mutum ya sayi gini mai sassa biyu zuwa huɗu, ya zauna a ɗaya ya ba da sauran haya. Idan shekara ta cika kuwa, mai gida yana da 'yancin tashi ya sa ɗan haya, rancensa na nan a kan farashinsa na farko.

Ke nan abin da doka ta ke nema shi ne niyyar mutum a ranar da ya sa hannu. Malamin makarantar da ya tare da iyalinsa, ya yi wata biyar, sa'an nan aka ɗauke shi zuwa wata jiha, bai yi ƙarya ba. Duniya ce ta juya masa. Wanda kuwa ya riga ya shirya da ɗan haya tun kafin ya je banki, ko da ya kai katifa ya kwana biyu domin a gan shi, ƙarya ya yi. Hukuncinta ba ƙarami ba ne. Yarjejeniyar ta ba banki ikon ɗaukar bayanin ƙarya game da zama a matsayin saɓa alkawari, ya nemi a biya shi dukkan bashinsa nan take, in ba a biya ba ya sayar da gidan. Dokar tarayya kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 30 da tarar da za ta iya kaiwa dala miliyan ɗaya ga wanda da gangan ya yi wa ma'aikatar ba da rance bayanin ƙarya.

Tun da ya ke niyya a zuci ta ke, takardu ne su ke ba da shaida a kanta. Masu bincike su kan duba adireshin da ke kan lasin tuƙi, da takardun haraji, da na wuta da ruwa, da irin inshorar da aka yi wa gidan, ko ta mazauni ce ko ta mai ba da haya, da kuma ranar da aka fara tallar gidan ga masu neman haya. Mutumin da ya tashi bisa dalili na gaskiya amma bai rubuta wa bankinsa ba, bai kuma ajiye takardar canjin aikinsa ba, zai iya wayar gari bayan shekaru a ce ya kare kansa, hannunsa babu kome.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Wasu masana na reshen Babban Bankin Amurka da ke Filadelfiya sun bi diddigin basussukan gidaje na shekaru da dama, su na gwada abin da mutane su ka rubuta da inda aka same su da zama daga baya. Sun gano cewa masu ɓoye niyyar haya su na da yawa, ba a zamanin tashin farashin gidaje da ya haifar da rugujewar 2008 kaɗai ba, har da bayansa, kuma sun fi masu haya na fili gaza biyan bashi nesa ba kusa ba. Duk da haka, gurfanar da mutum ɗaya gaban kotu a kan wannan laifi shi kaɗai abu ne da ba a saba gani ba, muddin yana biyan bashinsa a kan kari. Banki ba ya son tone-tone a kan wanda kuɗinsa ke shigowa kowane wata.

A nan ne haɗarin ya ke. Dokar da mutane da yawa su ke takawa, hukuma kuma ta kau da kai, ta kan zama sanda a hannun mai mulki, ya ɗauke ta ranar da ya ga dama, ya kuma zaɓi wanda zai buga wa. Zargin Lisa Cook ya fito ne daga Bill Pulte, shugaban hukumar da ke kula da Fannie Mae da Freddie Mac, a daidai lokacin da Shugaba Trump ya ke matsa wa Babban Bankin lamba ya rage kuɗin ruwa. Haka kuma a watan Oktoba na 2025 aka tuhumi Letitia James, Babbar Lauyar Jihar Niyu Yok, wadda ta taɓa kai Trump ƙara a kan harkar dukiyarsa, da cewa gidan da ta saya a Norfolk ta Jihar Bajiniya a 2020 ta rubuta shi gida na biyu, sa'an nan ta ba da shi haya. Ribar da masu ƙara su ka ce za ta ci a tsawon rancen ba ta kai dala 19,000 ba. Ta musanta, a watan Nuwamba kuma kotu ta yi watsi da tuhumar bisa hujjar cewa ba a naɗa mai gabatar da ƙarar bisa ƙa'ida ba. Ana cikin haka sai masu binciken jarida su ka ba da labarin cewa uku daga cikin manyan muƙarraban gwamnatin su ma su na da rance biyu-biyu da aka rubuta na gidan zama, su kuma su ka ce ba su saɓa doka ba.

Masu goyon bayan gwamnati su na da hujjarsu: wanda ya ke riƙe da amanar kuɗin ƙasa ko ta shari'a ya fi kowa cancantar a bincika takardunsa, kuma yawan masu laifi ba ya wanke mai laifi. Wannan magana gaskiya ce. Amma rubuta gida biyu a matsayin na zama ba shi ne shaidar ha'inci ba, domin kamar yadda aka gani, akwai halayen da doka ta halatta hakan. Sai an tabbatar da ƙaryar ganganci. Bincike kuma ya kan sami daraja ne idan ma'auni ɗaya a ke auna kowa da shi. In aka ga abokan hamayya kaɗai a ke buɗe wa fayil, jama'a za su daina kallon sharaɗin a matsayin kariyar mai neman muhalli, su ɗauke shi tarkon siyasa, wanda hakan zai ƙara wa masu ƙaryar ƙarfin gwiwa.

Ma'aikacin gwamnati a Nijeriya ba baƙo ba ne a wannan magana. Tun da aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa da dokar 1992, a ke yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa ana tarawa a Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya, domin a ba shi rance a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, ya biya cikin shekarun da za su iya kaiwa 30. Wannan ruwa ya yi ƙasa ƙwarai da na bankunan kasuwa, an kuma sassauta shi ne domin mai zuba kuɗi ya sami gidan zama. Gidajen da gwamnatocin jihohi su ke rabawa bisa tsarin mazauni ya mallaka su ma manufarsu ke nan. Kuɗin asusun gumin ma'aikata ne, masinja da darakta, sabo da haka duk gidan da ya faɗa hannun mai neman riba, wani ƙaramin ma'aikaci ne ya koma layi.

A ɗaya gefen kuma, babu wanda canjin wurin aiki ya fi shafa kamar ma'aikaci. Takarda guda ta isa ta ɗauke shi daga Kaduna zuwa Fatakwal gidansa bai yi wata shida da tarewa ba. Abin da ya dace da shi shi ne ya karanta yarjejeniyar rancensa kafin ya sa hannu, ya san abin da ta ce game da zama da haya da sayarwa. Idan tashi ya kama shi, ya rubuta wa mai ba da rance, ya haɗa da takardar canjin, ya karɓi amsa a rubuce ya adana. Su kuma hukumomin ba da rance, nauyinsu ne su fayyace halayen da a ke karɓar uzuri a kansu, su riƙa bincike a kai a kai bisa ƙa'ida ɗaya ga babba da yaro. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Takardar da aka sa wa hannu cikin gaggawa a ofishin banki ba ta ruɓewa a fayil, kuma kamar yadda manyan Amurka su ka gani, ba mai sa hannun ne ya ke zaɓar ranar da za a buɗe ta ba.