Daga Dambam Zuwa Jidda: Kowane Jirgi Da Irin Tuwonsa

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar tsofaffin alhazan ƙasar Dambam, watau 'yan kaɗan ɗin nan da suka rage daga cikin waɗanda suka sauke farali ta ƙasa tun jirgin sama bai zama ruwan dare ba, zai lura da abu guda. Ba su cika tsayawa a kan nisan hanya ko yawan kuɗin da suka kashe ba. Da an taɓo zancen tafiyar, sai a ji sun koma kan abin da aka ci a zango kaza, da inda ruwan sha ya yanke, da yadda aka raba dare ana hira a bakin teku ana jiran jirgi. Dalili kuwa shi ne, tafiyar ba a cikin abin hawa ɗaya aka yi ta ba. Sauka aka yi ta yi ana sake hawa, kuma duk sa'ad da aka sake abin hawa, to, an sake cima, an sake lokacin cinta, an kuma sake abokan hira.

Mutumin Dambam mai niyyar gabas a wancan zamani yakan kama hanyar Potiskum, ya wuce Damaturu ya sauka Maiduguri. Daga nan sai Fort Lamy, wadda aka mayar da sunanta N'Djamena a 1973, sai Abeche, sai Adre, ya shiga ƙasar Sudan ta Al-Jinaina, ya bi ta Al-Fashir har ya kai Al-Ubayyid, inda jirgin ƙasa ke jiransa. Da fari da ƙafa da jaki da raƙumi ake yin wannan tafiya. Daga baya manyan motoci suka shigo, musamman bayan da wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA a 1948.

A duk tsawon wannan hanya ta tudu, matafiyi shi ne sarkin tukunyarsa. Tun daga gida uwargida ta shirya guzuri: garin gero da na dawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, ƙuli-ƙuli, da man shanu a tandu. Inda aka ya da zango, mata su kafa murhu, yara su nemo itace, kafin sallar isha tuwo ya sauka. Ko da aka shiga Sudan ma ciki bai yi baƙunta sosai ba, gama mutanen can dawa suke ci. Asidarsu 'yar'uwar tuwo ce, wekarsu kuwa busasshiyar kuɓewa ce aka sake wa suna. Sai dai kisira, wadda ake yaɓa ƙullu a kan ƙarfe mai zafi, ita ce baƙuwa, ita ma ba ta ɗaukar mako guda harshe ya saba da ita. Wanda guzurinsa ya ƙare sai ya tsaya a gonakin audugar Jazira, waɗanda aka soma ba su ruwa daga madatsar Sinnar a 1925, ya yi tsinkar auduga har ya tara na gaba. Waɗansu shekara guda suka yi niyya, ga jikokinsu can har yau.

Hira kuwa ba a saye ta da kuɗi. Bayan an ci an sha, malami ya buɗe littafi ya karanta babin hajji, mai waƙen bege ya ɗauka, tsoho ya kawo labarin waɗanda suka riga su bin hanyar. Daren matafiya ke nan, wata da watanni.

To, a bakin Bahar Maliya ne wannan mulki na tukunya ya fara karyewa. Turawa sun gina Port Sudan a farkon ƙarni na 20 ta ƙwace wa Sawakin ciniki, amma Sawakin ta ci gaba da zama mashigar mahajjata, a nan ake tsare su a duba lafiyarsu, a yi musu lamba, a duba takardunsu. Mai cikakkun takardu da kuɗin tikiti yakan shiga jirgin kamfani mai tafiya da inji, irin na kamfanin Khedivial na ƙasar Masar. A cikinsa talaka ba shi da ɗaki, a dandamalin sama yake shimfiɗa tabarmarsa, kafaɗa da kafaɗa da mutanen da bai san harshensu ba. Ruwan sha aunawa ake yi. Wuta kuwa ba a hura ta inda aka ga dama, domin dokar jiragen mahajjata ta keɓe wurin dafuwa, kuma wurin bai isa kowa ba. Matar da ta yi wata shida tana tuƙa tuwo a kowane zango, ranar nan sai ta jiƙa gari a ƙwarya ta miƙa wa maigida. Sau da yawa ma ba a ci, saboda mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kogin da ke bayan Azare ba, da jirgi ya fara tangaɗi sai jiri da amai su hana shi kallon ƙwaryar. Sauƙinta dai ɗaya, ƙetarawar ba ta wuce kwana guda ko abin da ya ɗara kaɗan.

Wanda ba shi da takardu, ko kuɗinsa bai kai ba, shi ne ke komawa ga jirgin katako mai tafiya da iska, wanda Larabawa ke kira sambuk. A nan babu ƙararrawa, babu ma'aikaci mai farin kaya, babu kuma ranar isa, sai yadda iska ta yi. In ta kwanta, a kwana uku a wuri ɗaya ana kallon tulun ruwa yana raguwa. Abincin matuƙa busasshen gurasa ne da dabino da kifin da suka kama. Akwai waɗanda aka sauke a gaɓar da ba kowa, nesa da Jidda, aka ce musu sun iso. Saboda haka idan tsohon alhaji ya ce ya bar jirgin kamfani ya shiga na katako don ya rage kuɗi, mai saurare ya san ba ƙaramin abu ya sayar ba.

Akwai kuma wata hanyar ruwa dabam wadda talakan Dambam bai san ta ba, sai sarakuna da ma'aikatan En'e da ɗalibai masu zuwa karatu Ingila. Ita ce ta jiragen kamfanin Elder Dempster, masu tashi daga Ikko zuwa Liverpool cikin kamar mako biyu. Ta wannan hanya Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi a 1921, ya fara zuwa Ingila sa'an nan ya nufi Makka. A waɗannan jirage matsalar ba ta ƙarancin abinci ba ce, ta yawansa ce da ƙa'idodinsa. Ƙararrawa ke kiran mutum ga abinci, ba yunwa ba. Kowa da teburinsa da kujerarsa, ga wuƙa ga cokali mai yatsu an jera dama da hagu, ga takardar sunayen abinci da ba ta faɗin wace dabba aka yanka, balle wa ya yanka ta. Musulmi mai tsantseni yakan ƙare a kan kifi da ƙwai da burodi da shayi har a kai gaci. Da dare kuma a kaɗa garmaho ko a kira makaɗa, maza da mata su kama juna suna rawa, waɗansu na karta, waɗansu na wajen shan giya. Baƙo daga Arewa sai ya nemi lungu a saman jirgi, ya tambayi matuƙi inda gabas take, gama alƙibla ma juyawa take yi da juyawar jirgi.

Abin mamaki, mafi shahara a cikin jiragen nan, mai suna Aureol, wanda ya fara aiki a 1951, da jirgin sama ya ƙwace masa fasinjoji aka sayar da shi a 1974, ba ko'ina aka kai shi ba sai Jidda, aka ɗaure shi a bakin gaɓa ya zama masaukin ma'aikata.

A yau manyan jiragen fasinja na ruwa sun koma na yawon shaƙatawa, mutum ya biya kuɗi ya yi mako guda yana zagaya teku ya dawo inda ya tashi. Masu wannan sha'awa a Turai da Amurka su ma babban abin da ke damunsu idan sun bar wani kamfani sun koma wani shi ne abinci da hirar dare. A tsohon tsari, mutum na da lokacin cin abinci tsayayye, da tebur ɗaya, da ma'aikaci ɗaya wanda kafin kwana uku ya san abin da yake so. Kamfanin Norwegian ya rushe wannan a shekara ta 2000, ya ce kowa ya ci sa'ad da ya so a inda ya so. Wanda ya saba da tsohon tsari sai ya ga kansa yana bin layi, kullum da baƙuwar fuska a gabansa. Kamfanin Cunard kuwa ya riƙe al'adar sa tufafin alfarma a waɗansu darare. A 2021 kamfanin MSC ya fara ɗaukar masu yawon shaƙatawa daga Jidda, sa'an nan a watan Disamba na 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin mai suna AROYA, a kan tekun nan da kakannin mutanen Dambam suka ƙetare da ƙwaryar gari. An fito da shi babu giya, babu ɗakin caca, abincinsa halal ne, da wurin salla a ciki. Wanda ya saba da jiragen Turawa ya shiga wannan zai tarar da dare na dabam. Wanda kuma ya saba da wannan ya koma na Turawa zai koma tambayar da ɗaliban Arewa suka yi ta yi a cikin Aureol, watau wane nama ne wannan.

Sai dai waɗannan mutane da kuɗinsu suka zaɓa, in bai yi musu ba baɗi su sake kamfani. Maniyyacin Dambam na yau ba ya zaɓen jirgin da zai ɗauke shi, ba ya zaɓen mai dafa masa abinci. Tun da jirgin sama ya karɓi jigilar, aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, daga baya kuma aka kafa hukumar NAHCON a 2006, tafiyar watanni ta koma ta awa huɗu zuwa biyar. Wannan alheri ne da ba mai musunsa. Rayukan da hanyar tudu ta ci Allah kaɗai Ya san yawansu. Amma abinci ya koma ɗan faranti a rufe da ake ajiye wa mutum a gabansa yana ɗaure da ɗamara, hira kuwa ta koma tsakaninsa da bayan kujerar na gaba.

A can ƙasa mai tsarki ma murhu ya fita daga hannun alhaji, kuma da hujja. Gobarar da ta tashi a tantunan Mina a 1975 ta hallaka mutane wajen 200, ta 1997 kuma ta ci fiye da 300, duka biyun ana danganta su da tukunyar gas ta dafuwa. Bayan haka aka kafa tantuna marasa kama wuta, aka hana girki a cikinsu. Ciyarwa ta zama kwangila, a dafa wa dubbai a wuri guda a rarraba cikin mazubi. Goro ma, abokin hirar tsoho, an haramta shiga da shi.

Nan ne maganar ta shafi mutanen ƙauyukan Dambam da Dagauda da Jalam kai tsaye. Yawancin masu zuwa daga irin waɗannan wurare sai girma ya kama su suke samun hali, bayan an sayar da shanu ko amfanin gona na shekaru. Dattijon da ya yi shekara saba'in yana karyawa da kunu, yana wuni a kan fura, yana kwana a kan tuwo da miyar kuka, rana ɗaya sai a miƙa masa shinkafa da kazar da ta yi watanni a cikin ƙanƙara, yau ita gobe ita, har mako huɗu ko biyar. Ba zai yi ƙorafi ba, don yana ganin ƙorafi a wannan wuri butulci ne. Sai dai ya ɗan taɓa ya ture, ya sha shayi. Ga zafin rana, ga ɗawafi da sa'ayi da tafiyar jifa, ga mai ciwon suga da likita ya ce ya rage shinkafa. Kafin ranar Arfa jiki ya saki, a ce zazzaɓi ne, alhali kuwa yunwa ce ta fara buɗe ƙofa.

Malaman bita suna ƙoƙari ƙwarai wajen koyar da harami da talbiyya da abin da ke ɓata hajji, har Ka'aba ta katako ake kafawa a zagaya. Abin da ba a cika ba shi lokaci ba shi ne cikin maniyyaci. Ya kamata a keɓe zama guda a gaya masa filla-filla irin abincin da zai tarar a jirgi da Madina da Makka da Mina, da lokutan da ake rabawa, da abin da doka ta yarda ya ɗauka daga gida da wanda za a ƙwace a filin jirgi, domin kada tsohuwa ta kwana tana daka ta zo ta ga an zubar a gabanta. Mai ciwon suga da mai hawan jini a rubuta sunansu tun a Dambam, a san da su wajen rabon abinci. Masu ƙulla kwangilar ciyarwa kuma su sa sharaɗin samun masu girki da suka san tuwo da miya, gama a Makka da Jidda akwai zuriyar mutanen nan da suka ƙetare daga Sawakin ba su koma ba, kuma matansu ba su manta da kaɗa kuka ba. Garin kunu mai tsamiya da yaji, wanda ruwan zafi kaɗai yake bukata, bai fi a ƙulla shi a leda a sa a kusurwar jaka ba, in hukuma ta tabbatar wa mutane tun da wuri cewa zai wuce.