Wanda ya zo na ƙarshe ma ya yi tseren



A watan Fabrairun 2018, a garin Pyeongchang na Koriya ta Kudu, tutar Najeriya ta shiga jerin tutocin gasar Olamfik ta lokacin hunturu a karo na farko. Mata huɗu ne suka kai ta can. Uku daga cikinsu, Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, sun shiga tseren bobsile, wanda za mu iya kira tseren amalanken ƙanƙara. Ta huɗun, Simidele Adeagbo, ta yi irin wanda mutum ɗaya ke kwanciya rub da ciki a kan ɗan faranti, kai a gaba, ya sulala. Da aka kammala, amalanken Najeriya ne ya zo na ƙarshe. Mutane da yawa sun yi dariya, suna cewa me ya haɗa ɗan ƙasar zafi da dusar ƙanƙara? Ni ina ganin masu dariyar sun yi kuskure, kuma hukumomin da suka matse wa irin waɗannan 'yan wasa ƙofa daga baya sun yi kuskuren da ya fi nasu.

Bari mu fara da yadda wasan yake, domin da yawa cikinmu ba mu taɓa ganinsa ba sai a waya. Ana gina wata hanya mai kama da kwata, a daskarar da ƙanƙara a cikinta, tana gangarowa daga tudu tana lanƙwasa, tsawonta ya wuce kilomita 1. 'Yan wasa biyu ko huɗu sukan tura amalanken a guje wajen mita 50, sai su yi tsalle su faɗa ciki. Na gaba shi ke tuƙi, na baya kuma ya ja birki bayan an wuce layin ƙarshe. Gudun kan haura kilomita 120 a awa ɗaya, kuma ratar da ke raba na ɗaya da na biyu sau da yawa ba ta kai ƙiftawar ido ba. Saboda haka turawar farko tana da nauyi ƙwarai. Duk wanda ya yi sanyin ƙafa a mita 50 ɗin nan, da wuya ya rama a gangare.

To, wa ya iya turawa da gudu? Mai ƙarfin cinya da saurin tashi, wato ɗan tseren gajeren zango. Nan ne amsar tambayar masu dariya take. Adigun ta wakilci Najeriya a tseren tsallake shinge na mita 100 a Olamfik ta Landan a 2012. Adeagbo ta daɗe tana wasan tsalle kafin ta san ƙanƙara. Ko a Amurka haka ake yi: Vonetta Flowers, baƙar fata ta farko da ta ci zinariya a gasar hunturu a 2002, daga filin guje-guje ta fito. Ƙarfin da wasan ke buƙata muna da shi. Hanyar ƙanƙarar ce ba mu da ita, gama duk nahiyar Afirka babu ko ɗaya. Shi ya sa Adigun ta ƙera amalanken katako da hannunta a birnin Houston suka riƙa turawa a busasshiyar ƙasa, kuma suka nemi gudummawar dala 75,000 daga jama'a ta intanet.

Jamaika ce ta buɗe wannan hanya a 1988 a Calgary ta Kanada. Yawancin 'yan wasanta na farko sojoji ne, direbansu Dudley Stokes kuwa matuƙin jirgi mai saukar ungulu ne. A zagaye na uku na tseren mutum huɗu amalankensu ya kife da su, ba su kammala ba. Wannan hatsarin ne duniya ta riƙe, musamman bayan fim ɗin Cool Runnings na 1993. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sun koma. A 1994 a Lillehammer ta Norway suka zo na 14, gaba da 'yan wasan Amurka. A 2002 Winston Watts da Lascelles Brown suka kafa tarihin saurin turawa a gasar Salt Lake City. Shekara 6 kacal ke tsakanin kifewa da matsayi na 14. Da an kore su a 1988 saboda ba su iya ba, da babu 1994. Sannu ba ta hana zuwa, in dai an bar mutum a kan hanya.

Wannan ne ya sa abin da ya faru bayan 2018 yake damuna. A gasar Pyeongchang akwai tanadin da ke ba nahiyar da ba ta da wakili gurbi a waɗannan wasanni, muddin ɗan wasan ya cika sharuɗɗan farko. Kafin gasar Beijing ta 2022 aka soke tanadin. Sakamakonsa, babu ɗan Afirka ko ɗaya a tseren amalanke ko na faranti a Beijing. Akwasi Frimpong na Gana, wanda ya yi tseren faranti a 2018, bai samu zuwa ba. Adeagbo ma ba ta je ba, ko da yake a watan Janairun 2022 ta ci wani tseren ƙasa da ƙasa a Jamus. Ƙasashen Afirka 8 ne suka halarci gasar 2018, a 2022 suka koma 5.

Masu goyon bayan sokewar suna da hujja, kuma bai kamata mu yi kamar ba mu ji ta ba. Suna cewa Olamfik wurin gwanaye ne, kuma duk gurbin da aka ba wanda bai ƙware ba an ƙwace shi ne daga wani da ya fi shi maki, wanda shi ma ya sha wahala tun yarinta. Suna kuma cewa wasan yana da hatsari, sabon hannu zai iya karya wuyansa. Maganar hatsari gaskiya ce, don haka dole a riƙe sharaɗin cancanta, kada a sa kowa a kan ƙanƙara don a ɗauki hoto kawai. Amma maganar maki tana da ɓaraka. Yaron da aka haifa kusa da hanyar ƙanƙara a Jamus yakan sulala sau ɗaruruwa kafin ya balaga. Ɗan Gana sai ya nemi biza, da kuɗin jirgi, da hayar amalanke, kafin ya sulala sau ɗaya. Idan aka jera makinsu, ana auna tazarar gidajensu da ƙanƙara ne tare da ƙwazonsu. Gurbi ɗaya ga nahiya guda bai rage wa gwanaye lambar yabo ba, amma ya isa ya sa wata yarinya a Kumasi ko Kafanchan ta san akwai wannan wasan.

Akwai wata suka ta biyu, kuma wannan daga gida take fitowa. Ana cewa waɗannan ai 'ya'yan ƙetare ne. Gaskiya ne matan amalanken uku a Amurka aka haife su, Samuel Ikpefan da ya wakilci Najeriya a 2022 kuwa a Faransa ya tashi. Ana kuma tambaya, ƙasar da filayen guje-gujen makarantunta suka zama ciyayi, ina ruwanta da ƙanƙara? A nan na yarda da rabin maganar. Ban goyi bayan a kwashi kuɗin gwamnati a kai ƙanƙara alhali yaranmu na gudu ba takalmi ba. A gyara filin gudu tukuna, domin daga nan ne masu tura amalanken ma suke fitowa. Amma ban yarda a raina wanda ya zaɓi tutar iyayensa ba. Ku duba Lascelles Brown: bayan 2002 ya koma Kanada, ya ci musu azurfa a 2006 a Turin. Gwani yakan bi inda kayan aiki suke. Idan wani ya yi akasin haka, ya baro inda ake da komai ya ɗauki sunan ƙasar da ba ta da komai a wannan wasa, ya cancanci a ce masa sannu da ƙoƙari.

Yanzu ga abin da ya shafe ku kai tsaye. Ba na tsammanin wani cikinku zai hau amalanken ƙanƙara. Amma kusan kowannenku ya taɓa jin an ce masa, “Irinmu ba sa yin wannan.” An faɗa wa yarinyar da ke son gyaran mota, an faɗa wa ɗan ƙauyen da ke son koyon aikin kwamfuta, an faɗa wa wanda ya faɗi jarrabawa sau biyu yana so ya sake zama. Sau da yawa ba rashin iyawa ke tsayar da mu ba, tsoron dariyar abokai ne. Sai dai kada ku ɗauki rabin darasin. Waɗannan mutane ba da buri kawai suka je ba. Sun yi shekaru suna horo, sun cika sharuɗɗa, sun faɗi sun tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A 1998 a Nagano ta Jafan, Philip Boit na Kenya, wanda bai wuce shekara 2 da fara ganin dusar ƙanƙara ba, ya shiga tseren kilomita 10 a kan dusa. Shi ne ya iso ƙarshe, kusan minti 20 bayan wanda ya ci. Wanda ya ci ɗin, Bjørn Dæhlie na Norway, bai tafi karɓar zinariyarsa ba. Ya jira a bakin layi har Boit ya iso, ya rungume shi. Daga baya Boit ya raɗa wa ɗansa suna Dæhlie, kuma ya koma gasar a 2002 da 2006. Gwanin da ya fi kowa sanin wahalar tseren bai ga abin dariya a jikin na ƙarshe ba.

Saboda haka, idan kana baya a cikin abin da ka sa gaba, ka kammala. Idan kuwa kai ne a gaba, a aji ko a wurin sana'a, ka waiwaya ka ga wanda ke tafe a bayanka, ka jira shi a bakin layi.

Allah ya ƙara muku ƙarfi.