Ɗan Asali Ko Mazauni? Matsalar Shiga Makaranta A Gaɓar Tafkin Kainji

Duk yaron da ya ƙare sakandare a ƙasar Yawuri, yana kuma neman ya ci gaba da karatu, akwai takardu biyu da za a fara tambayarsa. Ta farko ita ce sakamakon jarrabawa, watau kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Wannan ba ta da gardama, domin guminsa ne. Ta biyu ita ce takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ba karatu ke ba da ita ba, sai dai a tambayi inda kakansa ya fito. A makarantun gaba da sakandare na jihohin Nijeriya, wannan takarda ta biyu ita ce kan yanke yawan kuɗin da ɗalibi zai biya, da samun tallafin karatu, wani lokaci ma har da samun gurbin kansa.

Babu inda rashin dacewar wannan tsari ya fito fili kamar a gaɓar Tafkin Kainji. Da aka kammala madatsar ruwan a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Busa da tsibirin Foge da gungaye masu yawa, aka tashi mutane fiye da dubu 40 aka sake musu matsuguni. Gungawa da suka gaji noman albasa a tsibirai suka koma tudu. Sa'an nan tafkin ya jawo masunta daga nesa, Sarkawa da Nufawa da wasunsu, suka kafa sansani, sansanin ya zama gari. Bayan ruwa ya gama nasa, sai taswira ta shiga nata. A 1976 aka raba Jihar Arewa Maso Yamma zuwa Sakkwato da Neja. A 1991 aka fitar da Kabi daga Sakkwato, aka kuma ɗauke Bargu daga Kwara aka kai ta Neja. Kambari suna Ngaski, suna kuma ƙetaren iyaka cikin Neja, dangi ɗaya, kasuwa ɗaya, jirgin ruwa ɗaya. To, wane ne baƙo a nan?

Alal misali, a ɗauki ɗan masunci da aka haifa a Wara, mahaifinsa ma nan aka haife shi, amma kakansa daga ƙasar Nufe ya zo. Firamarensa da sakandarensa duk a Jihar Kabi ya yi, uban kuwa nan yake biyan kuɗin kasuwa. Makarantar da ta fi kusa da shi ita ce kwalejin share fagen shiga jami'a ta Yalwa, inda akan yi karatun IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda kan kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye. Irin wannan kwaleji don irin wannan yaro aka yi ta, wanda ba ya da halin zuwa Sakkwato ko Zariya. Amma a ma'aunin asali shi baƙo ne. In kuwa ya tafi garin kakansa neman takarda, can ma ba wanda ya san shi. Ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi. A ɗaya gefen kuma ga ɗan babban ma'aikaci da aka haifa a Abuja, bai taɓa shan ruwan Shanga ba, takardarsa kuwa tana jiransa a ofis.

Tsarin mulkin 1999 shi kansa baki biyu gare shi a kan wannan batu. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda inda ya fito, sashe na 15 kuma ya ɗora wa hukuma alhakin tabbatar wa kowa cikakken 'yancin zama a ko'ina. Amma sashe na 318 ya ɗaure zama ɗan jiha ga asalin iyaye da kakanni.

Masu kare tsarin asali suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Kabi tana cikin jihohin da aka lissafa a baya wajen ilmin zamani, kuɗinta kaɗan ne, in aka buɗe ƙofa baki ɗaya waɗanda suka riga ta nisa za su cike guraben. Gaskiya ne. Sai dai wannan tsoro ya shafi wanda ya zo jiya don neman arha ne kawai. Bai shafi wanda aka yanke wa cibiya a Yalwa ba.

A Amurka, ƙananan kwalejojin shekara biyu su ma suna bambanta kuɗi tsakanin na gida da na waje, amma ma'auninsu zama ne, galibi na wata 12, ba a tambayar kaka. Har sukan bar ɗan sakandare ya fara ɗaukar darussan kwaleji tun bai ƙare ba, a lissafa masa su daga baya. Wannan na biyu yana bukatar malamai da ɗakunan gwaji waɗanda ba kowace makarantar ƙauye ke da su ba, don haka ba abin gaggawa ba ne. Na farkon kuwa ba ya cin gini ko bulo ɗaya.

Wata 12 ya yi kaɗan a nan, lalle za a yi masa wayo. Abin da ya fi dacewa shi ne a ce duk yaron da ya yi shekara shida na sakandare a cikin jihar, a ɗauke shi ɗan gida wajen kuɗin makaranta da neman gurbi. Shaidar wannan tana cikin rajistar makaranta da takardun jarrabawa, abubuwan da suka fi wuyar saye bisa ga takardar asali. Hakimi da dagaci kuma su tabbatar da zaman iyayensa. Majalisar Dokokin Jiha da ke Birnin Kabi tana da ikon yin wannan a makarantunta ba tare da jiran a gyara tsarin mulkin ƙasa ba, wakilan Yawuri da Ngaski da Shanga kuwa su ne suka fi cancanta su kai maganar.