Makaɗan Elcados da Ciwon Rashin Adanawa

Elcados ƙungiya ce ta samari masu kaɗa jita da ganguna irin na zamani, waɗanda suka yi tashe a Kano cikin shekarun 1970. Kiɗansu irin wanda ya cika otal-otal na Sabon Gari ne bayan yaƙin basasa: jita mai ƙara, ganga mai sa ƙafa motsi, waƙa galibi da Turanci. A 1973 kamfanin EMI ya buga musu faifai mai suna This World Is Full of Injustice, wato duniya cike take da zalunci. Suka ƙara wani faifan daga baya, daga nan kuma sai shiru.

Gajeren zamani ba baƙon abu ba ne ga irin waɗannan ƙungiyoyi. A Amurka ma, The Mamas & the Papas, masu waƙoƙin nan masu sanyi na haɗa murya, a 1965 suka haɗu, a 1968 suka watse. Shekara uku kacal. A nan gida kuwa dalilan mutuwar sun fi yawa. Kayan kiɗa daga waje ake shigo da su, igiyar jita ɗaya ta tsinke sai an yi cigiya. Mai otal ya gano cewa yaro ɗaya da tarin faya-fayan disko ya fi masa araha a kan mutum shida masu jiran sallama. Kaset ya zo, kowa ya kwafa, makaɗi bai ga ko anini ba.

To amma watsewa daban, ɓacewa daban. Waƙoƙin waɗancan Amurkawa har gobe ana sake buga su, domin an adana. Na Kano ba a adana ba. Rashin adanawa shi ne ciwon, kuma alhakinsa yana wuyan waɗanda aka damƙa wa makullan ɗakunan ajiya suka bar wa gara da ɗigon damina aikin. Faifan garmaho ba ya son rana. A bar shi yini ɗaya a bakin taga, sai ya lanƙwashe kamar faifan kaba, allura ta riƙa tsalle a kansa. Kwalinsa mai ɗauke da hoto da sunayen makaɗa kuwa, abincin gara ne.

Mutumin Kura bai buƙatar a fassara masa wannan ciwo. Shekara guda bayan fitowar faifan Elcados na farko, a 1974, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Audu Baƙo, ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Aka noma shinkafa, aka noma alkama, aka noma tumatir. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Gafan lokacin da tumatir ya yi kaka ya san sauran labarin: kwanduna jere a rana, ruwa na tsiyaya daga gindinsu, manomi na roƙon a saya ko da faɗuwa ne kafin azahar. An iya nomawa, ba a iya adanawa ba. An iya kaɗawa, ba a iya adanawa ba. Kullum kuma ana taro, ana tafi, ana alkawarin ɗakin sanyi.

Wanda ya tsamo Elcados daga mantuwa daga nesa ya zo. A 2008 kamfanin Soundway na Ingila ya tattara kaɗe-kaɗen jita na Nijeriya na shekarun 1970 a kundi mai suna Nigeria Rock Special, ya sa waƙarsu ɗaya a ciki. An rubuta sunanta "Ku Mi Da Hankan", rubutun da Bahaushe zai yi ta jujjuyawa a baki kafin ya laluɓo abin da ake nufi. Da wannan sunan take yawo a intanet yau, kuma Bakanon da ke son jin ta, can zai neme ta.